Makullin Bebiya

Tun da gwiwoyinta suka ƙi ta, Goggo ta zama wadda ta fi kowa sauƙin samu a layinsu. Ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa unguwa, kullum tana kan 'yar kujerarta a bakin ƙofa, labule a yaye, sanda a jingine. Shi ya sa duk wanda zai fita sai ya rufe ɗakinsa ya jefa mata makulli a cinya: direban bas, matar mai shago, malaman makarantar da suke haya a gidan bayanta. Ta zura su a wani dogon zare, mai zuwa ya karɓa, mai tafiya ya ajiye, kowa kuma sai ya bar mata labari kafin ya wuce. Da haka sunanta ya koma Goggo Mai Makulli. Har 'ya'yan cikinta Goggo suke ce mata, don a bakin maƙwabta suka tashi suka ji.

'Ya'yan nan uku ne, kuma Allah Ya ba su karatu, sai dai ba komai ake samu a littafi ba. Babbansu injiniyan gine-gine ne. Mai bi masa nas ce a babban asibiti. Auta kuwa aikinsa a cikin waya da kwamfuta yake, aikin da Goggo ta daina tambayar ma'anarsa tun da ta lura shi ma sai ya yi tunani kafin ya amsa. Su ukun suka zauna, ba da ita ba, suka yanke cewa tsohuwa tana shan wahala. Gidan akwai dakali mai tsawo, banɗakin na tsuguno ne, layin ko mota ba ta shiga.

Akwai wata kalmar 'yan boko da suke ta jefa wa juna a lokacin. Da ta tambaya, Injiniya ya ce ma'anarta sauƙin isa ga abu. Sai da tafiya ta yi nisa ta gane kowannensu da abin da yake nufi. A wurin Injiniya, kada a ga matakala. A wurin Nas, asibiti ya zama kusa, magani ya zama a hannu. A wurin Auta, mutum ya yi magana daga zaune abu ya faru. Duk lissafinsu a kan yadda Goggo za ta isa ga kaya ne. Ba wanda ya tambaya wa take so ya iso gare ta.

Da sun tambaya, da ta ce Bebiya.

Bebiya mai gugar kaya ce, ɗakinta na can ƙuryar layi bayan kwata. Ba ta ji, ba ta magana, haka aka haife ta. Kullum in ta gama raba kayan mutane sai ta zo ta zauna a dakalin Goggo su dasa hira da hannu, kuma Goggo ta sha faɗa cewa a duk layin babu harshen da ya kai yatsun Bebiya kaifi. Kowa ta raɗa masa suna. In ta kumbura kumatu ta duba agogon da babu a hannunta, Injiniya ke nan. In ta kaɗa yatsa kamar mai gargaɗi, Nas ce. In ta shiga murza babban yatsa a tafin hannu, Auta ne. Goggo kuwa, sai ta murɗa hannu kamar mai buɗe kwaɗo.

Abu ɗaya ne Bebiya ba ta yi: ba ta tura ƙofar da ta samu a rufe. Mai ji yakan yi sallama a ce masa shigo. Ita ido kawai take da shi, don haka sai ta ga hannu ya buɗe mata. Shekarun baya ta taɓa zuwa gidan yayanta, matarsa tana ciki ta bar ta tsaye a bakin ƙofa har rana ta karkata. Ba ta yi wa kowa ƙorafi ba. Ta juya, kuma ba ta sake taka gidan ba, ko ranar da yayan ya rasu a waje ta tsaya ta yi kukanta. Goggo ta san wannan labari kamar yunwar cikinta.

Ranar tashi, Goggo ta kwance zare ta mayar wa kowa makullinsa. Da ta miƙa wa Bebiya nata, sai Bebiya ta mayar mata da shi cikin tafin hannu ta naɗe yatsunta a kai, ta nuna ƙirjinta, ta yi tafiya da yatsu biyu a iska. Wato zan zo, riƙe mini. Auta ya zana mata hanya a bayan kwali, ya nuna mata motar da za ta hau da inda za ta sauka, yana jin ya yi aikin lada. Goggo ta mayar da makullin zare ta rataya a wuya.

Sabon gidan kam, maƙiyi ma ba zai kushe shi ba. Yana cikin wata sabuwar unguwa mai katanga, gidaje jere kamar an zana da rula. Injiniya ya zagaya da ita yana nunawa kamar dillali.

"Kin ga nan, Goggo, babu matakala ko ɗaya. Gangara ce tun daga ɗakinki har babbar ƙofa, kuma a hankali take sauka, bisa ƙa'ida. Ga ƙarfe a bango ki riƙe. Ga titi a bakin gida, daga ko'ina mutum ya taso zai iso cikin sauƙi."

"Mai mota," in ji Goggo.

"To wa zai zo da ƙafa?"

Gangarar kuwa, saboda tsabar sauƙi, sai da ta yi kwana ta dawo ta sake yin kwana a cikin fulawoyi, har tsakar gidan da yaro zai tsallake da tsalle biyu ta koma tafiyar kasuwa.

Nas ta nuna mata akwatin magani mai gida-gida, da gado mai ɗagowa da kansa, da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da za ta riƙa turawa a maimakon sandarta. Ta ce daga nan zuwa asibiti kafin shayi ya huce an kai. Goggo ta ce Allah Ya sa kada a yi gaggawar. Auta ya ba ta waya mai jin magana, ka ce mata kira wane ta kira. Daga ƙarshe ya kai ta gaban wata 'yar na'ura a bangon falo.

"Wannan ita ce ƙarshen wahala. Ba ruwanki da mai gadi mai barci. In baƙo ya zo zai danna ƙararrawa a waje, ki ji muryarsa a nan. Sai ki danna wannan madannin, ƙofa ta yi ƙara, ya tura ya shigo, ta rufe kanta. Akwai mai hoto, amma idonki ba ya gani sosai, shi ya sa muka zaɓi mai murya. Don ke aka yi ta."

Gaskiya ya faɗa, don ita aka yi. Ita ma a lokacin hankalinta bai kai inda ya kamata ba, don kanta ya yi nauyi da bayanai.

Kwanaki suka tafi. Komai yana kusa da hannunta, ruwa, fitila, magani, fanka. Mutum ne kawai ya yi nisa. Mai aikin da suka ɗauka takan zo da safe ta yi shara da girki kunnenta toshe da waya, kafin rana ta take ta tafi. Daga nan sai Goggo da bango. Kewa ta ishe ta, har ta kan ji kamar ta ce da wayar ta kira mata kowa ma.

Wata rana da yamma ƙararrawa ta yi kuka, doguwa, ba tsayawa, irin dannar wanda bai san abin yana da ƙara ba. Goggo ta lallaɓa ta isa bango.

"Wane ne?"

Shiru. Sai motsin leda, da wucewar motoci, sannan wani ɗan gurnani a maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, wanda Bebiya take yi in tana jira ba tare da ta san tana yi ba. Murna ta kama Goggo. Ta danna madanni da ƙarfinta. Ta ji ƙofa ta yi ƙararta ta cikin na'ura, ta ji ta yi shiru, ta ji ƙaras, ta sake kulle kanta. Gurnanin yana nan yadda yake.

Nan ne abin ya faɗo mata. Ƙofar nan ba ta motsi in an buɗe ta, ƙara kawai take yi. A idon mai kallo, yadda take a rufe haka take a buɗe.

Ta sake dannawa, ta sake. Har ta sa baki a na'ura tana cewa "Tura mana, tura," sai kuma ta ji kunyar kanta, ita da ta yi shekaru tana yi wa mutane dariya in sun ɗaga wa Bebiya murya. Ta jawo ƙarfe mai ƙafa huɗu ta kama hanya. Gangara ta kai ta gabas ta dawo da ita yamma, bisa ƙa'ida. Kafin ta kai ƙofa ta jawo ta da hannu, titi ya zama fayau. A ƙasa, jingine da katanga, akwai leda, a ciki ɗankwalayenta ne da ta manta a tsohon gida, an goge su an ninke kamar a shago.

Ta koma ciki tana haki ta ce da waya ta kira Injiniya. Shi ne mai yawan cewa shi mutum ne mai sauƙin samu, kira ɗaya ya isa. Sakatariyarsa ce ta ɗauka, ta tambayi wace ce da kuma a kan wane batu. Goggo ta ce a ce masa wadda ta yi wankan jegonsa ce, batun kuma na ƙofa ne. Sai bayan magariba ya kira.

"Goggo, ƙofar nan ba ta da matsala. Irinta ake sawa a manyan wurare, masu dubawa sun duba sun sa hannu."

"Masu dubawar kurame ne?"

"Ai ba don kurame aka yi gidan ba, don ke aka yi."

"To ni baƙuwata kurma ce."

Ya yi 'yar dariyar da yake yi wa leburori in sun kawo shawara. Ya ce ba komai, akwai wata fitila da ake haɗawa, in ƙofa ta buɗe sai ta yi ƙyalli. Zai sa a yi odarta. Goggo ta tambaya yaushe, ya ce ana kan hanya, ita kuwa ta san hanyar Injiniya ta fi gangararsa tsawo.

Nas da ta zo duba jininta, ta saurari labarin tana kallon ma'auni. Ta ce jinin ya hau, kuma wannan zirga-zirgar ce ta jawo. Ta ce dama yawan baƙi ba ya yi wa tsoho kyau.

"Ki biya ta layin ki nuna wa Bebiya da hannu yadda ake turawa," in ji Goggo. "Abin ba zai ɗauke ki komai ba."

"Zan biya in na tashi aiki."

Tashin aikin Nas kuwa irin wanda ba ya zuwa ne. Auta shi ma ya kawo nasa maganin. Ya ce a tura wa Bebiya saƙo, aka ce ba ta da waya. Ya ce a rubuta a jikin ƙofa, aka tuna masa ba ta karatu. Ya shiga murza yatsa a tafin hannu, daidai yadda Bebiya take kwaikwayonsa, sannan ya ce zai nemo mata waya mai hoto ya koya mata, in ya samu sarari. Kowa da maganinsa, kuma kowane magani sai gobe zai iso.

Goggo ta ga ba sarki sai Allah, ta koma dabararta ta da. Ta sa mai aiki ta kai mata kujera bakin babbar ƙofa, ta tokare ƙofar da dutse ta zauna. Ba a jima ba ƙofa ta fara ihu kamar an taka wutsiyar kare, ashe an yi ta ne ta kai ƙarar duk wanda ya bar ta a buɗe. Ta cire dutsen ta zauna daga waje. Kwana biyu tana haka, sai shugaban unguwar ya kira Injiniya ya ce, cikin ladabi, zaman tsohuwa a bakin titi yana sa baƙi su ɗauka bara take. Injiniya ya zo da kansa ya ɗauke kujerar, ransa a ɓace, yana cewa za ta sa a ce ba sa kula da ita. Nas ta ƙara da cewa rana ba ta yi wa mai hawan jini kyau. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ita kuwa Bebiya ba ta da ranar zuwa. Sai ranar da aiki ya yi sauƙi, ta hau mota ta sauka ta hau wata, ta sauka a tsallaken babban titi, ta hau gadar masu ƙafa da tsofaffin ƙafafunta, sannan ta bi katanga a rana. Wannan ita ce hanyar da Injiniya ya ce daga ko'ina mutum zai iso cikin sauƙi. Ta sake zuwa ranar da aka kai Goggo gwajin ido, mai aiki ce ta ce an yi ta danna ƙararrawa ba a magana, ita kuma ta ƙi buɗewa don Auta ya ce in ba a yi magana ba ɓarayi ne. Zuwa na gaba Goggo tana banɗaki. Ta fito tana jan ƙafa, ta danna madanni duk da ta san aikin banza ne, ta kama gangara tana kiran sunan Allah. Wannan karon ba leda, ba komai.

Bayan nan ƙararrawar ta sake kuka sau ɗaya, gajeriya, kamar wanda ya zo sauke nauyi. Kafin Goggo ta tashi daga kujera ta san an riga an juya. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, don ta san abin da Bebiya za ta karanta a jikin ƙofar nan: Goggo ta samu duniya ta rufe ƙofa, kamar matar yayanta.

Zumunta a ƙafa take, ko da ƙafar ta lalace. Washegari da mai aiki ta tafi, Goggo ta jingine ƙarfe mai ƙafa huɗu ta ɗauko tsohuwar sandarta daga bayan ƙofa. Ta ce da waya ta kira mata tasi. Wayar ta tambaya ina za a je, ta faɗi sunan layinsu, wayar ta ce cikin zaƙin murya ba ta san wannan wuri ba. Goggo ta yi tsaki ta ce ai kuwa a can aka haifi wanda ya sayo ki. Da direba ya zo, da baki ta yi masa kwatance, daga gidan mai zuwa injin niƙa, har ya tsaya inda mota take tsayawa.

"Mama, za ki iya kuwa? In riƙe ki?"

"Je ka abinka, ɗan nan. Na san duwatsun layin nan, su ma sun san ni."

Layin yana nan yadda ta bar shi, ƙasa da rami da kwata. Rana ta take, mutane duk suna wurin aiki. Ta bi bango tana dogarawa, ta wuce tsohon gidanta ba ta kalle shi ba. A bakin kwata akwai katakon da ake takawa, ta taka shi da addu'a. Dakalin Bebiya ne ya gagare ta, sai da ta ajiye sanda ta hau da hannu da gwiwa, zani ya kwashi ƙasa, fatar gwiwa ta ɗaye.

Ƙofar a rufe take da kwaɗo. Sabo ne fil, yana ƙyalli.

Duk da ta gani, sai da ta ciro makullin daga wuya ta gwada. Ko shiga bai yi ba. Ta juya shi ta sake gwadawa, sannan ta zauna a kan dakali ta miƙe ƙafafu, ta yi abin da ta fi kowa iyawa, wato jira.

Can sai ga Bebiya ta shawo kwana, zanin ɗaurin kaya a kafaɗa. Ta tsaya cak. Ta dubi fuskar Goggo, ta dubi gwiwar da ke jini, ta dubi makullin. Ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta buɗe kwaɗo ta shiga, ta fito da kujera da ruwa a kofi da tsumma mai tsabta. Ta ajiye kujerar a waje. Da can Goggo har kan gado take zama a ɗakin nan, ranar da ƙafa ta bar ta ta zo. Yau kujerar baƙi aka ba ta, a bakin ƙofa.

Bebiya ta goge mata gwiwa, sannan ta miƙe ta fara magana. Ta nuna kanta, ta yi tafiya da yatsu, ta hau gada a iska, ta share gumi. Ta haɗa tafukan hannu biyu gam, ƙofa a rufe. Ta sake tafiyar, ta sake haɗa hannu. Ta sake. Ta kuma sakewa, sannan ta buɗe hannu tana tambaya.

Goggo ta ɗaga hannuwanta za ta amsa, sai ta rasa ta inda za ta fara. A duk shekarun da suka yi suna hira, sun yi gulmar aure da mutuwa da tsadar gawayi, amma ba su taɓa buƙatar alamar ƙofar da take buɗewa da ƙara ba. Ta nuna danna madanni. Ta nuna kunne, ta kaɗa yatsu a gefensa. Ta raba hannu biyu, wato a buɗe take. Bebiya ta girgiza kai, ta ja fatar ƙasan idonta da yatsa: na gani da idona. Ta haɗa hannu gam. Gani ya kori ji, balle ga wadda ba ta taɓa jin ba. Goggo ta rantse da yatsa zuwa sama, hawaye suna zuba. Bebiya ta kalle ta da tausayi, irin kallon da ake yi wa babba in ya yi ƙarya don kunya, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Ana cikin haka sai ga Injiniya, yana tattare ƙafar wando yana tsallake kwata. Ashe wayar da ke jakarta tana nuna wa Auta duk inda take. Ita dai Goggo, a wurin 'ya'yanta, ba ta taɓa wuyar samu ba.

"Haba Goggo, wannan wane irin ganganci ne? Dubi wurin nan, ko keken marasa lafiya ba zai shigo ba. Ta yaya ma kika hau nan?"

"Da gwiwa. Tunda ka zo, ga ta nan. Kai ka sa ƙofar, kai za ka gaya mata a buɗe take."

Ya gyara tsayuwa, ya fuskanci Bebiya, ya yi abin da masu ilimi suke yi in sun haɗu da kurma: ya ɗaga murya yana jan kalmomi. Ya yi mata bayanin wutar da ke riƙe ƙofa, da yadda take saki in an danna, da dalilin da ya sa take mayar da kanta saboda tsaro. Ya ce tsarin a ko'ina haka yake, ba a yi don a wulaƙanta kowa ba. Matar mai shago ta leƙo daga tsallaken layi tana kallo. Bebiya ta zuba wa bakinsa ido yadda ake kallon akuya tana tuƙa. Da ya gama, ta juya ga Goggo, ta kumbura kumatu ta duba agogon da babu a hannunta. A da, da sun yi dariya har sun riƙe ciki. Yau ba wadda ta yi.

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗaurin kaya a ka, ta ja ƙofa ta datse sabon kwaɗon. Goggo ta ciro tsohon makullin daga zare ta miƙa mata, ko don a karɓa a musanya mata da sabo. Bebiya ta dube shi. Ta kama hannun Goggo, ta mayar da shi cikin tafin, ta naɗe yatsunta a kai kamar ranar tashi. Amma ba ta nuna ƙirji ba, ba ta yi tafiya da yatsu ba. Ta sauka daga dakali, ta tsallaka layi, ta jefa sabon makullin a cinyar matar mai shago, ta wuce da kayanta.

"To kin gani, ai ta fahimta," in ji Injiniya. "Tashi mu tafi. Kuma albishirinki, fitilar nan ta iso, gobe za a sa. Kawo wannan in yar, ai ba ya buɗe komai."

Goggo ta mayar da makullin zare ta rataya a wuya. Ta ɗauki sandarta ta bi shi.

Washegari kuwa aka sa fitilar. Koriya ce, mai kyau, in an danna madanni sai ta yi ta ƙiftawa a saman ƙofa, ko daga tsallaken titi ana hango ta. Injiniya ya gwada da kansa, ya ɗauki hoto ya tura wa ƙannensa, Nas ta ce aiki ya yi kyau, Auta ya ce yanzu gidan ba shi da sauran gyara. Goggo takan ja kujera kusa da na'urar bango da yamma ta zauna. Masu zuwa suna zuwa, mai kawo ruwa, mai karanta mita, kuma dukkansu suna ji da kunnensu.